Idris's ko Idris'? Muhawara kan mallaka a Turanci

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum malamai. Don Allah a warware mini wani abu. Yarana biyu makarantarsu ɗaya, aji daban. An ce kowa ya yi jimlar mallaka a Turanci da sunan wani ɗan gidansu, sai duk suka ɗauki sunan ƙaninsu. Babban ya rubuta Idris's bag, malaminsa ya sa jan biro ya mayar da shi Idris' bag. Ƙaramar ta ga gyaran da aka yi wa yayanta sai ta rubuta Idris' bag, ita kuma malamarta ta ƙara mata s. Yanzu kowa ya kafe a kan na malaminsa, sun hana ni sakat. Wanne ne daidai? Kuma wannan ɗan waƙafin na sama, me ke sa wani lokaci ya zo kafin s, wani lokaci bayanta?

Malama 'Yar Zariya:
Wa alaikumus salam Maman Khalifa. Kwantar da hankalinki, babu yaron da ya yi kuskure. Sunan mutum ɗaya da ya ƙare da s, irin su Idris, Abbas, Yunus, Anas ko Bilkis, Turawan kansu bakinsu bai zo ɗaya a kai ba. Littafin ƙa'idojin rubutu na Jami'ar Chicago, wanda masu buga littattafai a Amurka suka fi bi, cewa ya yi a sa waƙafin sama a ƙara s, wato Idris's. Na kamfanin dillancin labarai na AP, wanda 'yan jarida ke bi, cewa ya yi waƙafin kaɗai ya wadatar, wato Idris'. Ko a 2024 da Kamala Harris ta tsaya takarar shugabancin Amurka sai da jaridunsu suka rabu biyu, wasu na rubuta Harris's wasu Harris'.

Ni dai Idris's nake koya wa ɗalibaina, saboda haka baki yake furta shi: Idrisiz bag. Abin da kunne ya ji shi hannu zai rubuta. Amma ba na soke wa yaro ɗayan, sai in ya cakuɗa su a rubutu ɗaya.

Maman Khalifa:
Na gode Malama. To su malaman nasu fa, me ya sa kowa ya soke na ɗan'uwansa?

Malama 'Yar Zariya:
Kowa abin da aka koya masa ya riƙe, bai kuma ci karo da ɗayan a littafi ba. Abin da ya kamata shi ne malaman Turanci na makaranta ɗaya su zauna su tsayar da salo ɗaya. Ki yi wa shugaban makarantar magana cikin lalama.

Tsohon Hedimasta:
Salamu alaikum. Malama ta yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Amma ni ina ganin an fara da jela an bar kai. Maganar Idris's da Idris' ƙaramin reshe ne. Tambayar Maman Khalifa ta biyu ita ce uwa, kuma ita ce ke kayar da yaranmu.

'Yata, ki koya musu abu ɗaya tak. Kafin su taɓa waƙafin nan su tambayi kansu: wane ne mai abin? Su rubuta mai abin cikakke yadda yake, ko tilo ne ko jam'i, sannan su ɗora waƙafin a bayansa kai tsaye. In kalmar jam'i ce da ta riga ta ƙare da s, an gama. In ba haka ba, a ƙara s.

Ƙwallo ta yaro ɗaya ce? Mai abu boy, sai a samu the boy's ball. Ta yara da yawa ce? Masu abu boys, sai a samu the boys' ball. Ta children ce? Kalmar jam'i ce amma ba ta ƙare da s ba, sai a samu the children's ball. Haka men's, women's, people's. Babu wani abu wai shi childrens' a Turanci, domin babu kalmar childrens. Duk abin da ke hagun waƙafi dole ya zama kalma tsayayya, kuma shi ne mai abin. Yaro ya rufe waƙafin da abin da ke bayansa da yatsa, ya karanta abin da ya rage. In babys ya gani ya san ya kauce, ko dai baby's ko babies'.

Masu koyar da shi a matsayin dokoki bakwai ko takwas su ne ke rikita yara.

Ɗan Maraɗi:
Baba Hedimasta, Allah ya ƙara lafiya. Mu da muka yi karatu da Faransanci sannan muka zo koyon Turanci da girmanmu, ba waƙafin ne ya fi ba mu wuya ba, jerin kalmomin ne. A Faransanci le livre de Moussa ake cewa, littafi a gaba, Musa a baya, daidai da littafin Musa. Da ka shigo Turanci sai a ce maka ka juya, Musa's book. Akwai waɗanda muke aji ɗaya da har yau the book's Musa ke fita daga bakinsu.

Tsohon Hedimasta:
Yawwa ɗana, nan ka taɓa inda ciwon yake. Na ga the book's Musa da the house's my father a littattafan yara ba adadi, kuma malamai da yawa ɗauka suke yi yaron daƙiƙi ne. Ba daƙiƙi ba ne, Hausa yake yi da kalmomin Turanci, kuma Hausar tasa daidai take.

Ku duba. A Hausa abin da aka mallaka shi ke zuwa farko, kuma shi ke ɗaukar alama: gidan Audu, motar Audu, shanun Audu. Audu bai canza ba ko kaɗan. Gida ne ya karɓi n, mota ta karɓi r saboda mace ce, shanu suka karɓi n saboda jam'i ne. Turanci ya saɓa mana ta fuska biyu a lokaci guda: mai abu ne a gaba, kuma shi ke ɗaukar alamar. Audu's house, Audu's car, Audu's cows. Bai damu da ko abin namiji ne ko mace ko jam'i ba. Bahaushe a jikin dabba yake yin shaida, Bature kuwa a wuyan mai dabbar yake rataya ta.

To yaron da ya ji littafin Musa, ya san alamar a jikin kalmar farko take, aka kuma ce masa alamar Turanci 's ce, me zai rubuta in ba book's Musa ba? In malami ya tsaya ya rubuta jimlolin biyu a allo, ta Hausa a sama ta Turanci a ƙasa, ya ja kibiya ya nuna yadda suka gitta, darasi ɗaya ya isa. Amma an hana malamai yin Hausa a ajin Turanci a makarantu da yawa, har tarar yara ake ci in sun yi. Wannan dokar ita ke raba yaro da tsanin da zai taka ya hau.

Alaramma Mai Allo:
Malam ya yi gaskiya. Larabci ma jerinsa irin namu ne, kitabu Zaidin, mudafi a gaba, mudafun ilaihi a baya. Sai dai shi a Larabci mai abin ne ke karɓar kasra. Ɗalibin da ya yi nahawu a zaure in aka ce masa Turanci ma mai abu yake yi wa alama, sai dai yana gabatar da shi, nan take zai kama.

Malama 'Yar Zariya:
Allah ya gafarta Malam, haka ne. Akwai kuma tasirin Burokan. A can my papa house ake cewa, Musa book, jerin daidai da Turanci amma babu alama sam. Yaran da suka tashi a unguwannin da ake cuɗanya, irin Sabon Gari, su matsalarsu ba juyawa ba ce, mantawa da s ɗin ne gaba ɗaya. Aji ɗaya, cuta biyu, kowace da maganinta.

Mai Fenti Kantin Kwari:
Salamu alaikum manya. Ni sana'ata rubuta allunan shaguna da makarantu. Wannan magana ta shafe ni fiye da kowa, don ni in na yi kuskure shekara biyar yana rataye a bakin titi. Yanzu haka akwai aiki a hannuna, mai shago ya kawo a takarda: Ladie's and Childrens Wear's. Na ji a jikina akwai matsala amma ban san ta inda zan kama ba. Sannan makarantun 'yan mata, wani ya kawo Girl's, wani Girls', wani Girls babu komai.

Tsohon Hedimasta:
Malam Mai Fenti, yi gwajin yatsa. Rufe waƙafin Ladie's, me ya rage? Ladie. Babu wannan kalmar. Masu kayan su ne ladies, saboda haka Ladies'. Na biyu masu kayan children ne, saboda haka Children's. Wear kuwa bai mallaki komai ba, kuma ba a yi masa jam'i a wannan ma'anar. Rubuta Ladies' and Children's Wear.

Makaranta kuwa ta 'yan mata da yawa ce, ba ta yarinya ɗaya ba: Government Girls' Secondary School. Kuma don Allah ka taimaka mana a kan alluna irin su Shoe's, Phone's, Provision's for sale. Jam'i ne kawai, babu mallaka, babu abin da ya haɗa su da waƙafi. Yara daga allunanku suke koyo kafin su koya daga namu.

Bahaushen Birmingham:
Baba, tare da girmamawa, ina ganin kuna ɗora wa yara da masu sana'a nauyin da masu harshen ma suna saukewa. A nan garin da nake, tun 2009 hukumar birni ta yanke shawarar daina sa wannan alama a allunan tituna. Kings Heath ake rubutawa, St Pauls Square, babu komai, kuma babu wanda ya ɓata hanya. A 2012 babban kantin littattafai na Waterstones ya cire nasa. Kantin littattafai fa! Harrods da Barclays da Lloyds Bank duk sunayen masu su ne, babu waƙafi. A jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan akwai tasha biyu maƙwabta a layin Piccadilly, ɗaya Earl's Court ɗaya Barons Court. A Amurka hukumar da ke tsayar da sunayen wurare tun 1890 ba ta yarda da shi, sai 'yan tsiraru irin Martha's Vineyard. Ko a gida, jam'iyyar PDP Peoples Democratic Party take rubuta sunanta.

Kuma ku duba, a magana ba a jin bambancin boy's da boys' ko kaɗan, amma ana fahimtar juna. Me zai hana a rubutu? Akwai wani tsohon ɗan jarida, John Richards, da ya kafa ƙungiyar kare wannan alama a 2001. A 2019 ya ce ya haƙura, yana da shekara 96.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, duk abin da ka lissafa sunaye ne: na titi, na kanti, na banki, na jam'iyya. Suna kuwa mai shi ke da ikon rubuta shi yadda ya so, mu namu mu kwafa yadda ya rubuta. Ba a ciro dokar jimla daga allon kanti. Ɗauki jaridar da ka saya a garin naka yau, ka duba ko sun rubuta the ministers wife babu waƙafi.

Maganar cewa a baki ba a jin bambanci, ai shi ya sa ake buƙatarsa a rubutu. Wanda ke gabanka in ka rikice sai ka tambaye shi. Takarda ba ta amsa tambaya. My brother's land da my brothers' land: ta farko filin mutum ɗaya ce, ta biyu filin 'yan'uwa ne gaba ɗaya. Ka kai wannan gaban alƙali a shari'ar gado ka ce masa babu bambanci.

Malamin Kwaleji:
Bari in ƙara wa Baba hujja daga can Ingilar. A Oxford akwai The Queen's College, a Cambridge akwai Queens' College. Ta Cambridge waƙafinta a bayan s yake saboda sarauniya biyu ake jingina wa kafa ta, Margaret ta Anjou a 1448 da Elizabeth Woodville a 1465. Tarihin makaranta guda a cikin ɗan ɗigo ɗaya. Namu na Legas kuwa, King's College ta 1909 da Queen's College ta 1927, duk tilo ne.

Sannan a 2024 da hukumar North Yorkshire ta ce za ta daina sa shi a allunan tituna saboda yana rikita kwamfuta, mutanen gari ca suka yi mata, har wani ya ɗauki alƙalami ya mayar da shi a allon St Mary's Walk a Harrogate. Saboda haka ba duka masu harshen ne suka sauke nauyin ba.

Bahaushen Birmingham:
Na yarda da misalin fili, yana da ƙarfi. Amma har yanzu ina kan bakana cewa malamin da zai ja wa yaro jan biro a kan Idris's ya wuce gona da iri. Ko filin ƙwallon Newcastle St James' Park ne, lambun da ke Landan kuma St James's Park.

Tsohon Hedimasta:
A wannan kam ba mu da saɓani da kai.

Ɗalibar SS3:
Ina wuni malamai. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai its da it's. An ce mallaka da 's ake yi, to me ya sa the dog wagged it's tail ya zama kuskure? Kuma a WAEC ana rage maki a kan irin wannan?

Malama 'Yar Zariya:
Lafiya lau ƙanwata. Ana ragewa. A rubutun insha'i akwai maki 10 da aka ware wa tsabtar rubutu, wato nahawu da haɗa baƙi da alamomi, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Wanda ke yayyafa waƙafi a kan kowace s zai iya cinye makin nan kafin ya kai ƙarshen shafi.

Dokar 's ta sunaye ce, ba ta wakilan suna ba. His, hers, its, ours, yours, theirs, whose, duk mallaka ce kuma babu mai waƙafi a cikinsu. Ki jera its kusa da his a ranki. Kin taɓa rubuta hi's? To haka its. Shi kuwa it's gajarta it is ne ko it has, kamar yadda who's yake gajarta who is ko who has. In kin yi shakka ki warware shi ki karanta: the dog wagged it is tail. Kin ji ba ta zauna ba, sai ki cire waƙafin. Akwai 'yan kaɗan da suka fita zakka, irin su one's da someone's, kamar in an ce one's duty.

In kin tuna darasin Hausa, my book da mine kamar gajeriyar mallaka da doguwa ne, littafina da nawa.

Malamin Kwaleji:
Ruɗewar ɗalibar nan tana da asali, don su ma Turawan ƙarni na 17 da na 18 da yawansu it's suke rubutawa a mallaka. Daga baya aka raba su.

Tunda an zo nan bari in ɗan taɓa tarihi, don yana sauƙaƙa abin. A tsohon Turanci, shekara dubu da suka wuce, sunaye da yawa da es suke nuna mallaka: cyning shi ne sarki, cyninges na sarki. Sannu a hankali aka daina furta e ɗin. Waƙafin sama kuwa daga Faransa ya shigo Turanci a ƙarni na 16, kuma aikinsa na asali nuna gurbin harafin da aka cire, irin wanda yake yi a don't. Sai aka riƙa sa shi a gurbin e ɗin mallaka, kinges ya koma king's. Na jam'i, irin boys', shi ya zo a makare, bai kankama ba sai wajen ƙarni na 19. Jamusanci, ɗan'uwan Turanci, har gobe Peters Buch yake rubutawa da s ɗin kaɗai. S ɗin da ke tsakiyar Tuesday da Wednesday da Thursday ma tsohuwar mallakar nan ce, ranakun an jingina su ne ga sunayen gumakansu na da.

Akwai lokacin da wasu marubuta suka zaci 's gajarta his ne, suna rubuta the king his crown. Zato ne kawai, don ba zai bayyana the queen's crown ba.

Maman Khalifa:
Kai, Allah ya saka da alheri, yau na sha karatu. Amma waƙafin da muke sa wa a sa'a da ma'ana da 'ya'ya fa, shi ma ɗaya ne?

Malamin Kwaleji:
Siffa ɗaya, aiki daban Hajiya. Namu harafi ne, ana furta shi, in kin cire shi kalma ta lalace. Nasu alama ce ta ido kawai, baki ba ya furta ta. Abin da ake furtawa s ɗin ce, kuma sauti uku gare ta: s a cat's, z a dog's da Musa's, iz a Idris's da judge's.

Ɗan Maraɗi:
Wata tambaya Baba. Fadar Sarkin Kano, the Emir's of Kano palace ne ko yaya? Kuma ƙofar makaranta, school's gate zan ce?

Tsohon Hedimasta:
Koma kan tambayarmu: wane ne mai abin? The Emir of Kano, gaba ɗayansa. Rubuta shi cikakke ka ɗora alamar a ƙarshe: the Emir of Kano's palace. Haka my mother-in-law's house, haka the Minister of Education's speech. In abu ɗaya ne mutum biyu suka yi tarayya a kai, Musa and Isa's shop, shago ɗaya. In kowa da nasa, Musa's and Isa's shops.

Ƙofar makaranta kuwa the school gate suka fi cewa, kamar car door da kitchen table. Hausa n da r ɗinta suna aiki a ko'ina, ƙafar mutum, ƙafar tebur, ruwan sha, ɗakin kwana. Turanci ya raba aikin. 'S ta fi zama da mutane da dabbobi da ƙasashe da ƙungiyoyi: Nigeria's population, the government's plan. Kayan da ba su da rai sun fi tafiya da of, the leg of the table, ko a jera sunayen biyu kawai. Kada duk inda ka ji n a Hausa ka nemi 's a Turanci, in ba haka ba za ka wayi gari kana rubuta drinking's water.

Lokaci kuma yana karɓarta, wannan masu aikin ofis su kula: a day's work, today's meeting, one month's salary, two weeks' notice, three years' experience. Gwajin yatsa yana aiki a nan ma, weeks ne a hagun waƙafi saboda mako biyu ne.

Malama 'Yar Zariya:
Ƙarin guda ɗaya da ke fitowa a jarrabawa: a picture of Musa hotonsa ne, shi ne a ciki. A picture of Musa's kuwa hoto ne daga cikin waɗanda ya mallaka, ko da hoton doki ne. Haka a friend of my father's, ɗaya daga abokan babana.

Mai Fenti Kantin Kwari:
Baba, na kai wa mai shagon gyaran ya yarda. Saura ɗaya. Wata makaranta ta ba ni kyallaye uku na bukukuwa: ranar yara ta 27 ga Mayu, ranar malamai ta 5 ga Oktoba, da ranar iyaye mata. Yaya zan rubuta su?

Tsohon Hedimasta:
Children's Day, waƙafi kafin s. Teachers' Day, waƙafi bayan s, domin ta malamai ce duka, kamar Workers' Day ta 1 ga Mayu. Ta ukun ita ce za ta ba ka mamaki, Mother's Day ake rubutawa, tilo. Anna Jarvis, matar da ta assasa ranar a Amurka, ita ta dage a kan haka, don tana so kowane gida ya girmama tasa uwar. In shugaban makarantar ya ce ai iyaye mata da yawa za su zo taron, ka gaya masa suna ne da ya riga ya zauna a haka. Kuma ka bar ɗan fili tsakanin r da s kafin ka sa fenti, don kada waƙafin ya matse ya koma kamar ɗigon da ya zuba.